Jirgin Alfarma Mai Dogon Zango: Komai Nisan Jifa Ƙasa Zai Faɗo

A cikin watan Yuni na shekarar 2024 ne Gwamnan Jihar Zamfara, Alhaji Dauda Lawal, tare da Ministan Sufurin Jiragen Sama na Tarayya, Mista Festus Keyamo, suka ƙaddamar da aikin gina babban filin jirgin sama a Gusau, wanda aka tsara masa titin tashi da sauka mai tsawon fiye da kilomita uku. Wannan aiki ya daɗe a bakin jama'a, domin kuwa tun zamanin Gwamna Bello Matawalle aka soma aikin filin jirgin ɗaukar kaya a Gusau, amma har ya sauka daga mulki a 2023 aikin bai kai ga kammaluwa ba.

Duk lokacin da aka ambaci filin jirgi a jiha irin Zamfara, abin da ya fi saurin zuwa zukatan mutane shi ne ƙaramin jirgin nan na alfarma, fari tas, wanda yakan sauke shugabanni da attajirai, ya jira su, ya kwashe su. Mutanen Talatar Mafara da Bakura da Maradun sun fi kowa sanin manyan baƙi, saboda waɗannan garuruwa uku su ne suka ba jihar gwamnoni har na tsawon shekara 20: Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, da Alhaji Abdul'aziz Yari na Talatar Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Alhaji Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Saboda haka ya kamata jama'ar wannan yanki su san yadda aka ƙera irin wannan jirgi, da aikin da aka ƙera shi dominsa, don su iya auna ko shi ne jirgin da zai amfane su.

Jiragen da ake magana a kansu

Ƙananan jiragen ƙashin kai iri-iri ne, amma masu dogon zango, watau waɗanda za su iya ƙetare nahiya da teku ba tare da sun sauka shan mai ba, kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwarsu: Gulfstream na garin Sabana a Amurka, da Bombardier na Kanada, da kuma Dassault na Faransa, mai ƙera jiragen Falcon. Gasar ta kankama ne sa'ad da Gulfstream V ya fara aiki a 1997, sa'an nan Global Express na Bombardier ya biyo bayansa a 1999.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan kasuwa. A 2010 Majalisar Zartarwa ta Tarayya, a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, ta amince da sayen Falcon 7X guda biyu da Gulfstream G550 guda ɗaya domin ayarin jiragen Shugaban Ƙasa, a kan kuɗi fiye da dala miliyan 150. A wannan shekara kuma attajirin nan ɗan Kano, Alhaji Aliko Ɗangote, ya sayi Global Express XRS. Bisa ƙididdigar masu ƙera su, G550 yana iya cin kilomita 12,500 a tashi ɗaya, Falcon 7X kuwa kimanin kilomita 11,000. Global 7500, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2018 kuma kuɗinsa ya haura dala miliyan 70, yana cin fiye da kilomita 14,000. A 2019 ma wani irinsa ya tashi daga Sidini ta Ostareliya bai sauka ba sai a Ditiroyit ta Amurka, tafiyar fiye da kilomita 15,000.

Domin mai karatu ya kwatanta, daga Abuja zuwa Landan bai kai kilomita 5,000 ba, daga Abuja zuwa Bejin ta ƙasar Sin kuwa kusan kilomita 11,000 ne. Ke nan G550 yana iya zuwa Bejin daga Abuja ba tare da ya ya da zango ba.

Yadda ake samun dogon zango

Abu na farko shi ne mai. G550 idan an cika shi maƙil nauyinsa ya ɗan haura tan 41, kuma a cikin wannan nauyi fiye da tan 18 man jirgi ne, watau kusan rabi. A cikin fikafikai ake zuba man, don haka fiffiken tanki ne kuma shi ne mai ɗaga jirgin. Sai dai wannan yana da tsada ta wani ɓangaren, domin kowane kilo na mai yana cinye gurbin kilo na mutum ko na kaya. Jirgin yana da wurin zaman mutum goma sha wani abu, amma nisan nan na kilomita 12,500 da fasinja takwas kawai aka lissafa shi. In aka ƙara mutane da kaya, tilas a rage mai, zango kuma ya ragu.

Abu na biyu shi ne siffar fiffike. Ana yin sa dogo, siriri, a karkace zuwa baya, ana kuma lanƙwasa bakinsa ya dubi sama, duk don a rage turjiyar iska sa'ad da jirgin ke gudun da ya kusanci gudun sauti, kimanin kilomita 900 a awa. Amma fiffiken da ya dace da gudu a sararin sama ba ya son tafiya a hankali, alhali kuwa jirgi ba ya sauka sai ya rage gudu ƙwarai. A nan kamfanonin suka sha bamban. Dassault da Bombardier suna sa wa gaban fiffike wasu faifai masu zamowa su ƙara masa faɗi a lokacin tashi da sauka, har ya zamana an yarda Falcon 7X ya riƙa sauka a ƙaramin filin nan na tsakiyar birnin Landan, wanda titinsa bai wuce mita 1,500 da 'yan kai ba. Gulfstream kuwa ya bar gaban fiffikensa sumul, ya dogara ga girman fiffiken.

Abu na uku shi ne inji. G550 yana da inji biyu na Rolls-Royce samfurin BR710, Global 7500 yana da biyu na General Electric, Falcon 7X kuwa uku ne na Pratt & Whitney na Kanada. A bayan jirgi ake ɗaura su kusa da wutsiya, abin da ke sa fiffike ya zauna ba cikas, ƙara kuma ta yi nisa da fasinja. Falcon 7X, wanda ya fara tashi a 2005 ya shiga aiki a 2007, shi ne jirgin alfarma na farko da matuƙi ke sarrafa shi ta hanyar kwamfuta da wayoyin lantarki a maimakon igiyoyin ƙarfe, dabarar da Dassault ya ɗauko daga jiragensa na yaƙi.

Abu na huɗu shi ne bisa. Manyan jiragen fasinja sukan yi tafiya ne tsakanin ƙafa 35,000 zuwa 39,000, amma waɗannan suna iya hawa har ƙafa 51,000, fiye da kilomita 15 ke nan daga ƙasa. A can iska ba ta da kauri, turjiya kaɗan ce, mai ba ya saurin ƙonewa, hadari da cunkoson jirage duk an bar su a ƙasa. Amma ɗan Adam ba zai rayu a wannan bisa ba sai an matsa iska a cikin jirgin, don haka dole gangar jikinsa ta zama mai ƙarfin riƙe matsi mai yawa, kuma masu ƙera su suna gasar wanda zai sa numfashi ya fi sauƙi, don fasinja ya sauka bayan awa goma sha uku ba tare da ya galabaita ba.

In an haɗa waɗannan duka, sai a ga cewa komai na jikin jirgin manufa ɗaya yake yi wa hidima, watau ɗaukar mutane ƙalilan zuwa wuri mai nisan gaske cikin gaggawa. A wannan aiki ba shi da na biyu. In an sa shi wani aikin dabam kuwa, tsadarsa tana nan, fa'idarsa ta tafi.

Abin da yake nema a ƙasa

Masu tallar waɗannan jirage sukan ce titin mita 1,800 ya ishe su tashi, kuma gaskiya ne a bisa takarda: G550 mita 1,800 ne, Falcon 7X da Global 7500 kuwa ƙasa da haka kaɗan. Sai dai an yi wannan awo ne a daidai bakin teku, a yanayin sanyi na digiri 15. Gusau tana kan tudu fiye da mita 400 daga bakin teku, kuma a watan Afrilu zafin ƙasar Zamfara yakan wuce digiri 40. Iska mai zafi sakayau take, fiffike ba ya samun abin riƙo sosai, inji ma ƙarfinsa yakan ragu, saboda haka jirgin da zai tashi da tsakar rana a bazara sai ya ƙara tsawon gudu a ƙasa, ko kuwa ya rage nauyi. Da hunturu kuma ga hazo, wanda kowace shekara yake hana jirage sauka a filayen Arewa, sai filin da ke da na'urorin da za su jagoranci matuƙi zuwa titi ko da idonsa bai gani ba, tare da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa.

Bayan titi akwai tsabtataccen man jirgi, da motocin kashe gobara, da shingen da zai hana dabbobi shiga, da ma'aikatan hasumiya. Sa'an nan ga babbar magana, watau gyara. Kowane sashe na jirgi yana da adadin awoyi ko watanni da in ya cika tilas a kwance shi a duba, ko ya lalace ko bai lalace ba, kuma mafi yawan manyan gyare-gyaren irin waɗannan jirage a ƙasashen waje ake yi, da kuɗin waje. Shekarar 2024 ta nuna wa ƙasar nan haka ƙarara. A watan Afrilu sai da Shugaba Bola Tinubu ya yi hayar jirgi daga ƙasar Holan zuwa Saudiyya saboda nasa ya sami matsala. A watan Mayu Mataimakinsa, Alhaji Kashim Shettima, ya fasa tafiya Amurka saboda irin wannan dalili. A watan Agusta kuma wata kotun Faransa ta ba wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Zhongshan izinin tsare jirage uku na Nijeriya a kan wata shari'a da ta samo asali daga Jihar Ogun, ciki har da Falcon 7X da ke ajiye a wani filin jirgi na Faris. In har Gwamnatin Tarayya da duk ƙarfinta ta sha wannan wahala, to, jiha mai ƙaramin aljihu sai ta yi tunani tun kafin ta yi sha'awa.

Lissafin Zamfara

Daga Abuja zuwa Gusau ta sama bai fi kilomita 350 da ɗoriya ba, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya. Jirgin da aka ƙera don kilomita 12,000, in aka sa shi wannan hanya, kafin ya gama hawa lokacin gangarowa ya yi, kuma a hawa ne inji ya fi shan mai. Har ila yau, yawan tashi da sauka shi ne ke tsufar da gangar jirgi da ƙafafunsa, domin ana ƙidaya shekarun jirgi da yawan saukarsa kamar yadda ake ƙidaya su da awoyin tafiyarsa. Gajeren zango irin wannan aikin jirgi mai farfela ne, mai ɗaukar mutum 50 zuwa 70, wanda ba ya shan mai da yawa kuma ɗan kasuwa ko ma'aikaci zai iya biyan kuɗin kujerarsa.

Doguwar tafiya guda ɗaya da talakan Mafara ko Bakura ko Maradun yake tara kuɗinta shekara da shekaru ita ce ta aikin Hajji. Daga wannan yanki zuwa Jidda kimanin kilomita 3,700 ne, kuma babban jirgi mai ɗaukar mutum 300 zuwa sama ake bukata, wanda in ya cika yana neman titi kusan kilomita uku ko fiye a irin wannan zafi. Shekaru da yawa maniyyatan Zamfara ta filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato suka riƙa tashi, motocinsu kuwa ta Talatar Mafara suke ratsawa, tun da garin yana kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kusan a tsakiya. Saboda haka dogon titin da aka tsara wa Gusau hujjarsa tana wurin alhazai da kayan fatauci. Jirgin alfarma da kashi biyu cikin uku na wannan titi ma zai wadatu. Kuma tun da mutumin Mafara ko Bakura yana da zaɓi tsakanin filaye biyu masu kusan nisa ɗaya, filin da ya fi kyawun hanya da tsaro da tabbacin tashin jirgi shi zai samu fasinjansa.

Darasin Bakolori

Wannan yanki ya taɓa ganin aikin zamani mai ban mamaki, kuma ya ga abin da ya biyo baya. A 1974 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya kammala ta a 1978, tana riƙe ruwa kimanin mita miliyan 450 na murabba'in zurfi. An tsara ta shayar da kadada 23,000 a ƙasashen Talatar Mafara da Bakura da Maradun, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan fili da bututun feshi aka shirya yi masa ban ruwa, dabarar da ake yayi a Turai a lokacin. Manoman da aka tasa daga gonakinsu sun yi ta kukan diyya, har abin ya kai ga arangama da 'yan sanda a watan Afrilu na 1980, inda aka yi asarar rayuka, abin da har yau ba a manta ba.

Bututun feshi yana bukatar famfo, famfo yana bukatar wutar lantarki da kayan gyara daga waje da ma'aikatan da suka san shi. Da waɗannan suka yanke, sai feshin ya tsaya, filaye masu yawa suka koma jiran damina, sashen da ruwa ke gangarawa da kansa ta magudanai kuwa shi ne ya ci gaba da ciyar da mutane. Da Bankin Duniya ya shigo da shirin gyaran madatsun Arewa daga 2014, ɗaya daga cikin abubuwan da aka sa gaba a Bakolori shi ne mayar da wani ɓangare na filin feshi ya koma na magudanai. Injiniyoyin Italiya sun iya aikinsu, kamar yadda na Gulfstream da Dassault suka iya nasu. Kuskuren yana wurin zaɓe: an ɗauko na'urar da aka ƙera don wani wuri mai wasu sharuɗɗa, ba a kuwa tanadi abin da zai riƙe ta ba.

Filin jirgi ma haka yake. Ranar buɗewa rana ɗaya ce tak, amma fitilun titi, da na'urorin hazo, da albashin 'yan kwana-kwana, da facin kwalta, kullum ne suke neman kuɗi, ko jirgi ya sauka ko bai sauka ba. Filin da jiragen manya kaɗai ke ziyarta sau ɗaya ko biyu a mako ba zai taɓa tara abin riƙe kansa ba, sai dai ya riƙa cin rabon makarantu da asibitoci.

Maganar tsaro

Akwai kuma wani dalili da ke sa masu hali son jirgi, wanda ba a cika faɗinsa a fili ba, shi ne tsoron hanya. Shekarar 2021 ta taɓa dukkan garuruwan nan uku. A watan Fabrairu 'yan bindiga sun kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talatar Mafara. A watan Agusta sun afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. A farkon Satumba kuma sun ɗauke ɗalibai fiye da 70 a garin Kaya na ƙasar Maradun. A farkon watan Maris na wannan shekara Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta hana jirage shawagi a sararin Zamfara, ta kuma hana haƙar ma'adinai, bisa zargin cewa ana amfani da jirage wajen shigo da makamai da fitar da zinariya.

Abu biyu ke cikin wannan. Na farko, filin da za a kira na ƙasa da ƙasa a jihar da ke da zinariya yana bukatar jami'an kwastan da na shige da fice masu amana, da rajistar kowane jirgi da abin da ya ɗauko da abin da ya fita da shi, musamman ma ƙananan jiragen ƙashin kai waɗanda za su iya tashi daga Gusau ba su sauka ba sai a wata nahiya. Na biyu, jirgi yana ƙarewa ne a bakin filin Gusau. Daga nan zuwa Mafara saura kusan kilomita 100 a mota, zuwa Bakura da ƙauyukan Maradun kuma akwai sauran tafiya. Baƙon da ya ƙetare teku cikin awa goma, in ba zai iya wannan ragowar ba sai da rakiyar sojoji, to, ba zai kawo jarinsa ba. Haka nan shinkafa da albasa da tumatir na Bakolori ba za su isa wani filin jirgi ba sai manomi ya iya zuwa gonarsa lafiya, mota kuma ta iya ɗaukowa lafiya.

Abin da ya kamata a yi

Hukumomin jihar, ko wane ne ke riƙe da su, zai kyautu su auna nasarar filin Gusau da ma'aunin da talaka zai gane: maniyyata nawa suka tashi daga can a shekara, kwana nawa a mako jirgin haya ke zuwa, nawa ne kuɗin kujera zuwa Abuja, tan nawa na kayan gona aka fitar. Ya kamata a ware kuɗin kula da filin a cikin kasafin kowace shekara a bayyane, a tura 'ya'yan jihar su koyi aikin hasumiya da kashe gobara da gyaran na'urori tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata kuma a haɗa maganar filin da ta hanyar Gusau zuwa Mafara da tsaronta, da ɗakunan sanyi na ajiye kayan lambu a yankin Bakolori, da 'yan kasuwar da za su saya, tun da ɗanyen tumatir ba ya biyan kuɗin jirgi sai an tace kasuwarsa tukuna. Jiragen alfarma kuwa, in sun zo a karɓe su hannu bibbiyu, su biya kuɗin sauka da na ajiya kamar yadda doka ta tanada, ba tare da an ɗauke wa kowa don girmansa ba.

Masu ƙera jirgin dogon zango sun kai inda suka kai ne saboda sun san aikin da suke so ya yi tun kafin su zana fiffikensa, kuma ba su yarda da ko kilo ɗaya da ba ya yi wa wannan aiki hidima. Jama'ar Talatar Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda suka ga tashin Bakolori da kwanciyarta, suna da haƙƙin su nemi a yi wa dukiyar jiharsu irin wannan lissafi. Allah ya ba shugabanni ikon yin haka, ya kuma dawo da zaman lafiya a ƙasar Zamfara, amin.